Kaija Saariaho: yadda sabon kiɗa ke ci gaba da yawo bayan rasuwar mai shi

Ranar 2 ga watan Fabrairu na shekarar 2025, a birnin Los Angeles na Amurka, faifan Adriana Mater ya lashe kyautar Grammy a ɓangaren opera. Matar da ta tsara kiɗan, Kaija Saariaho, ƴar ƙasar Finlan, ba ta ga wannan rana ba. Ta rasu a Paris ranar 2 ga watan Yuni na 2023, wata 20 cif kafin bikin, tana da shekara 70, bayan fama da cutar daji a ƙwaƙwalwa.

Tun daga rasuwarta ayyukanta ba su zauna ba. An gabatar da kiɗanta na ƙarshe a Helsinki, operarta ta ƙarshe ta zagaya Turai da Amurka da Ostireliya, kuma ana ci gaba da fitar da faifai. A duniyar kiɗan gargajiyar Turai na wannan zamani ba kasafai ake ganin haka ba. Sabbin ayyuka da dama ana kashe musu kuɗi mai yawa, a yi musu dare ɗaya ko mako ɗaya na tafi da yabo, daga nan takardunsu su koma cikin akwati. Labarin Saariaho ya nuna matakan da sabon kiɗa ke bi kafin ya tsira daga wannan makoma.

Wace ce Saariaho?

An haife ta a Helsinki ranar 14 ga watan Oktoba na 1952. Ta koyi tsara kiɗa a makarantar Sibelius a hannun Paavo Heininen, a lokacin da da wuya a ga mace a wannan fanni. Ita da abokan karatunta, cikinsu har da Magnus Lindberg da Esa-Pekka Salonen, sun kafa wata ƙungiya mai suna Korvat auki, wato "a buɗe kunnuwa" a harshen Finlan, domin su kawo sabon kiɗa ƙasarsu. Daga nan ta wuce birnin Freiburg na Jamus, sannan a 1982 ta isa Paris, inda ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Abin da ya kai ta Paris wata cibiya ce mai suna IRCAM, wadda Pierre Boulez ya kafa kusa da gidan al'adu na Pompidou, inda makaɗa da masana kimiyya ke nazarin sauti da kwamfuta. A can ta zurfafa cikin wani tunani da Gérard Grisey da Tristan Murail suka yi fice a kansa. Idan aka ja tsirkiyar goge, kunne yana jin kamar sauti ɗaya ne, alhali tarin sautuka ne a jere. Tsirkiyar da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa tana kuma fitar da wasu ƙananan sautuka masu kaɗawa sau 880, da 1320, da haka har sama. Yawan waɗannan ƙananan sautuka da ƙarfinsu shi ke bambanta muryar sarewa da ta kakaki. Idan kuma mai goge ya danne izgar da ƙarfi, sai sautin ya karce ya koma ƙara.

Saariaho ta gina kiɗanta a kan wannan tafiya daga sauti mai tsabta zuwa ƙara, da dawowa. A Lichtbogen na 1986 ta yi amfani da kwamfuta ta warware sautin babban gogen Turawa, sannan ta rarraba abin da ta samu ga makaɗa tara da na'ura. Shi ya sa mai saurare ba zai ji amshi ko bugun da za a taka rawa da shi ba. Abin da zai ji sauti ne mai canza launi sannu a hankali, kamar yadda sama ke canzawa da magariba.

A 2013 ta karɓi kyautar Polar a birnin Stockholm daga hannun sarkin Suwidin, a shekara ɗaya da Youssou N'Dour na Senegal. A 2019 mujallar kiɗa ta BBC ta tambayi masu tsara kiɗa 174 ra'ayinsu, kuma a cikin waɗanda ke raye a lokacin sunanta ne ya zo kan gaba.

Daga kwangila zuwa takarda

Mai tsara irin wannan kiɗa ba ya hawa dandali da kansa. Aikinsa rubutu ne. Wata ƙungiyar makaɗa ko gidan opera ko bikin al'adu ne ke ba shi kwangila, a yarje kan tsawon kiɗan, da yawan makaɗan, da ranar da zai miƙa aikin. Manyan gidajen opera kan tsara jadawalinsu shekaru da dama kafin lokaci, saboda haka sau da yawa ana tsayar da ranar fitowar farko tun ba a rubuta layi ɗaya ba.

Abin da ake miƙawa littafi ne babba wanda a kowane shafi aka jera abin da kowane kayan kiɗa zai yi a daidai wannan lokaci: wane sauti, tsawonsa, ƙarfinsa, da yadda za a fitar da shi. Jagoran makaɗa yana riƙe da cikakken littafin, kowane makaɗi kuma yana da nasa kason a gabansa. Kamfanin ɗab'i, wanda a wajen Saariaho shi ne Chester Music na Landan, shi ke tsabtace rubutun, ya buga, ya riƙa ba da hayar takardun ga duk ƙungiyar da ke son kaɗa aikin. Daga kuɗin haya da na haƙƙin mallaka mai aikin ke samun rabonsa. A ƙasashen Tarayyar Turai wannan haƙƙi na ɗorewa shekara 70 bayan mutuwar mai shi, kuma magadansa ne ke cin moriyarsa.

A nan ne bambanci yake da kiɗan da ake gada baki da baki, daga uba zuwa ɗa ko daga maigida zuwa ƴan amshi. Makaɗa 80 a birnin da Saariaho ba ta taɓa takawa ba za su iya buɗe takardunta su fitar da abin da ta nufa. Amma takarda ba ta kaɗa kanta. Idan babu wanda ya biya kuɗin haya, ya tara makaɗa, ya yi kwanaki yana bita, aikin yana nan kwance shiru.

Haɗuwarta da Amin Maalouf

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, da rakiyar babbar ƙungiyar makaɗa. Yana buƙatar marubucin da zai tsara labari da kalmomi. Saariaho ta samu nata a wajen Amin Maalouf, marubuci ɗan asalin Labanan mai rubutu da Faransanci, wanda ya ci kyautar Goncourt a 1993 kuma ya zama babban sakataren dindindin na Académie française a 2023. Masu karatun Faransanci a yankin Sahel sun fi saninsa da littafin Léon l'Africain, labarin matafiyin nan na ƙarni na 16 da ya bar bayani a kan Tumbuktu da Agadas da Kano da Katsina. Maalouf ya rubuta mata kalmomin ayyuka huɗu.

Na farko shi ne L'Amour de loin, wato soyayya daga nesa, wanda aka fara nunawa a bikin Salzburg na Ostiriya a watan Agusta na shekarar 2000, Kent Nagano na jagorantar makaɗa, Peter Sellars kuma ya tsara dandali. Labarin wani basarake ne mawaƙi na ƙarni na 12, Jaufré Rudel, wanda ya kamu da son wata gimbiya da bai taɓa gani ba, mazauniyar birnin Tripoli na gaɓar Labanan, ba na Libiya ba. Wani matafiyi ne ke kai saƙo tsakaninsu. Da Jaufré ya yanke shawarar ƙetare teku, sai tsoro da ciwo suka kama shi a jirgi, ya isa ya cika a hannunta. Mutum uku kacal ke ɗauke da wasan, sai ƴan amshi.

Aikin ya ci kyautar Grawemeyer ta Amurka a 2003. Faifan da Nagano ya ɗauka da makaɗan Berlin ya ci Grammy a 2011. A watan Disamba na 2016 gidan Metropolitan na New York ya nuna shi, kuma wannan ne karo na farko da gidan ya sa opera da mace ta tsara tun 1903, lokacin da ya nuna wani aikin Ethel Smyth ta Ingila. Shekara 113 ke nan tsakani. Jagorar makaɗan a wannan karo ma mace ce, Susanna Mälkki, ita ma ƴar Finlan.

Na biyu shi ne Adriana Mater, wanda ya fito a gidan Bastille na Paris a watan Afrilu na 2006. A wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba, ana cikin yaƙi, wani ɗan garinsu ya yi wa Adriana fyaɗe. Ta ƙi zubar da cikin duk da shawarar ƴar uwarta, amma tana ta fargabar ko ɗan da za ta haifa zai zama Habila ko Ƙabila. Bayan shekara 17 yaron ya gano gaskiya, ya tashi zai kashe mahaifinsa, ya tarar da shi makaho, ya kasa. Saariaho ta saƙa cikin kiɗan bugun zuciya biyu a jiki ɗaya, na uwa da na ɗan tayi, abin da ta sani daga nata goyon ciki. Sauran ayyuka biyu su ne La Passion de Simone na 2006, a kan rayuwar malamar falsafa Simone Weil, da Émilie na 2010, wanda aka fara a Lyon.

Innocence: aiki ɗaya, gidaje da yawa

Operarta ta ƙarshe, Innocence, ma'ana rashin laifi, ita ce misali mafi kyau na yadda ake raba nauyin sabon aiki. Ta kammala ta a 2018, an shirya fitowarta a 2020, annobar korona ta ɗage ta, sai a ranar 3 ga watan Yuli na 2021 aka nuna ta a bikin Aix-en-Provence a kudancin Faransa. Makaɗan London Symphony ne suka kaɗa, Mälkki ta jagoranta, Simon Stone ya tsara dandali. Marubuciya Sofi Oksanen ta rubuta labarin da harshen Finlan, sannan ɗan Saariaho, Aleksi Barrière, ya mai da shi zuwa harsuna tara, cikinsu har da Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da Girkanci.

Ana bikin aure ne a Helsinki. Amaryar ƴar Rumaniya ce, kuma ba ta san cewa shekara goma da suka wuce ɗan uwan angon ya shiga wata makaranta ta ƴan ƙasashe daban-daban da bindiga ya kashe ɗalibai goma da malami ɗaya ba. Dangin ango sun ɓoye mata. Matar da aka ɗauko ta raba abinci a wurin bikin kuwa uwar ɗaya daga cikin yaran da aka kashe ce. Yayin da biki ke gudana, waɗanda suka tsira suna ba da labarin abin da ya same su, kowa da harshensa. Sannu a hankali sai ta bayyana cewa an daɗe ana cin zalin yaron da ya yi harbin, cewa wasu sun ga alamu sun yi shiru, kuma cewa angon kansa ya san fiye da abin da ya faɗa. Ƙasar Finlan ta san wannan ciwo, domin an yi harbi a makarantunta a Jokela a 2007 da Kauhajoki a 2008.

Mutum 13 ke cikin wasan, kuma kowanne da irin muryarsa: wasu na rerawa, wasu na magana, wasu na tsakani. Muryar yarinyar da aka kashe, Markéta, an ba da ita ga Vilma Jää, mawaƙiyar gargajiya wadda ke amfani da salon kiran dabbobi na makiyayan arewacin Turai. Wasan bai kai awa biyu ba, kuma babu hutu a tsakiya.

Aix ba ta ɗauki kuɗin ita kaɗai ba. Gidajen opera na Helsinki, Landan, Amsterdam da San Francisco sun shiga cikin kwangilar tun farko. Amfanin wannan tsari biyu ne. Ana raba kuɗin gina dandali da ɗinka tufafi da biyan mai aikin, sannan kowane gida da ya sa hannu ya riga ya yi alkawarin nuna wasan. Haka Innocence ta je Helsinki a 2022, Landan da Amsterdam a 2023, San Francisco a 2024, sai bikin Adelaide na Ostireliya a 2025. Gidan Metropolitan ya sa ta cikin jadawalinsa na kakar 2025 zuwa 2026.

Wata alama ta fi wannan nauyi. Gidajen da ba su cikin kwangilar farko sun ɗauki takardun sun yi nasu tsarin dandali daga tushe, kamar Gelsenkirchen a 2024 da Dresden a 2025, duka a Jamus. Gidan da ya biya kuɗi tun farko dole ne ya nuna abin da ya saya. Wanda ya zo daga baya da kuɗinsa da nasa tunanin, zaɓi ya yi, kuma irin wannan zaɓi ne ke shigar da aiki cikin jerin waɗanda ake maimaitawa.

Me faifai ke ƙarawa?

Wasan opera ba ya wuce ƴan darare, kuma zaure mafi girma bai ɗaukar fiye da mutum dubu kaɗan. Faifai ko bidiyo shi ke kai aikin ga wanda bai je ba, kuma shi ne abin da shugaban wani gidan opera zai saurara kafin ya yanke shawarar kashe kuɗi a kai. Tashar Arte ta Faransa da Jamus ta watsa Innocence daga Aix. Gidan Metropolitan ya haska L'Amour de loin kai tsaye a gidajen sinima na ƙasashe da dama. Kamfanin Ondine na Finlan ya yi shekaru yana fitar da kiɗanta na manyan ƙungiyoyi da na ƙanana.

Tara makaɗa da mawaƙa a ɗakin ɗaukar sauti na kwanaki yana da tsada ƙwarai, don haka yawancin faifan opera na yau ana ɗaukarsu ne a zaure, gaban jama'a, a darare da dama, sannan a zaɓi mafi kyau a haɗa. Faifan Adriana Mater da ya ci Grammy ya fito ne daga wasannin da makaɗan San Francisco Symphony suka yi a watan Yuni na 2023, ƴan kwanaki bayan rasuwarta. Kamfanin Deutsche Grammophon ne ya fitar da shi. Jagoran makaɗan shi ne Salonen, abokin karatunta na Helsinki, wanda shi ne ya jagoranci fitowar farko a Paris shekara 17 kafin nan, kuma Sellars ne ya sake tsara dandali.

Wannan ya nuna wani ginshiƙi da ba a rubuta shi a kwangila, wato mutanen da suka san aikin daga bakin mai shi. Takarda na iya cewa a danne izga, amma iya gwargwadon dannewar sai wanda ya zauna da ita a wajen bita. Salonen, Mälkki, Sellars, da mai babban goge Anssi Karttunen da ta rubuta wa ayyuka da dama, su ne ke ɗauke da wannan sani. Haka ma iyalinta: mijinta Jean-Baptiste Barrière, wanda ya daɗe yana kula da ɓangaren na'ura na kiɗanta, da ƴarta Aliisa Neige Barrière, wadda ta zama jagorar makaɗa. Ɓangaren na'urar yana da tasa matsala, domin manhajar kwamfuta ta shekarun 1980 ba ta aiki a injunan yau sai an sabunta ta, kuma idan ba a yi ba aikin ba zai kaɗu ba ko da takardunsa na nan.

Aikin ƙarshe da kyautar da ta bari

An gano ciwonta a farkon 2021, amma ta ci gaba da rubutu. Aikinta na ƙarshe, Hush, wato shiru, ta rubuta shi ne domin kakakin Turawa da babbar ƙungiyar makaɗa, kuma ta yi shi musamman don Verneri Pohjola, mai busa ɗan Finlan da ya fito daga kiɗan jazz. A wani ɓangarensa ta shigar da bugun na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ake sa ta ciki a asibiti. An fara kaɗa shi a Helsinki a watan Agusta na 2023, ƙasa da wata uku bayan rasuwarta, da makaɗan gidan rediyon Finlan a ƙarƙashin Mälkki.

Kafin haka ta ba da kyautar yuro miliyan ɗaya, kimanin miliyan 656 na kuɗin sefa, domin a gina wa babban zauren kiɗa na Helsinki orga, wato ƙaton kayan kiɗan nan mai bututu dubbai da iska ke busawa. An ƙaddamar da shi a farkon watan Janairu na 2024, kuma an haɗa shi da gasar tsara sabbin kiɗa, domin masu tsara kiɗa su samu inda za a ji nasu aikin.

Ga wanda ke son fara saurare daga Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ayyukanta da dama suna kan YouTube da sauran manhajojin kiɗa. L'Amour de loin da Adriana Mater da Faransanci ake rera su, don haka mai jin harshen zai iya bin labarin. Orion na 2002, wanda ta rubuta wa makaɗan Cleveland, ba shi da kalmomi kuma bai kai rabin awa ba. Kiɗan yana son wuri mai shiru da abin sawa a kunne, domin yawancin abin da ke faruwa a cikinsa a ƙasa-ƙasa yake, kuma ƙaramar lasifikar waya tana haɗiye shi.